Yadda Ake Kafa Shagon Faya-fayai da Koyon Aikin DJ a Kiɗan Rawa na Bayan Fage

A birane irin su Berlin, Landan, Amsterdam, Chicago da Detroit akwai wata sana'a mai fuska biyu: da rana mutum yana bayan kanta yana sayar da baƙin faifai irin na garmaho, da dare kuma yana gidan rawa yana haɗa wa jama'a kiɗa. Kiɗan da yake harka da shi ana ce masa na bayan fage ne saboda ba manyan kamfanoni ke fitar da shi ba, kuma ba kasafai ake jin sa a manyan gidajen rediyo ba. Ƙananan kamfanoni ne ke buga shi, sau da yawa kwafi 300 zuwa 500 kacal, idan ya ƙare kuma wani lokaci ya ƙare ke nan. Wanda zai shiga wannan sana'a ya kamata ya sani tun da wuri cewa shagon da aikin DJ duk a kan abu guda suka dogara, wato kunnen mai su, domin abin da mutane ke biya shi ne zaɓinsa.

Mataki na farko, tun kafin a yi maganar haya ko jari, shi ne ka san kiɗan da asalinsa, ka kuma tsai da shawarar ɓangaren da za ka riƙe. Salon da ake kira haus (sunan ba shi da alaƙa da Hausa) ya taso ne a Chicago, ya kuma samo sunansa daga gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara saka kiɗa a 1977. Tekno kuwa a Detroit ya tsiro a shekarun 1980 ta hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Dukansu biyu baƙaƙen fatar Amurka ne suka kafa su, da na'urorin haɗa kiɗa na kamfanin Roland irin su TR-808 da TR-909 da TB-303, waɗanda a lokacin ake samu da araha a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Daga nan kiɗan ya tsallaka Turai, ya yi ƙarfi a Berlin bayan rushewar katangar birnin a 1989, shekarar da Mark Ernestus ya buɗe shagon Hard Wax, kafin gidan rawa na Tresor ya biyo baya a 1991. Wannan tarihi ba na ado ba ne. Abokin ciniki zai shigo ya ce yana son wani abu mai kama da na Detroit amma mai sanyi, kuma idan ba ka gane abin da yake nufi ba, ba zai sake takowa shagonka ba.

Ƙaramin shago ba zai iya ɗaukar komai ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Hard Wax ya yi suna ne da tekno da kiɗan dub mai tushe a Jamaika, Rush Hour na Amsterdam da aka buɗe a 1997 ya shahara da haus da disko da tsofaffin kaɗe-kaɗen Afirka da Brazil, haka nan Phonica na Landan da ya fara a 2003 yana da nasa launin. Ka zaɓi salo biyu ko uku da ka sani ciki da bai, ka bar sauran ga wasu.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma a nan ne yawancin masu sha'awa ke yin tuntuɓe. Ribar sabon faifai ƙanƙanuwa ce. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ka saro kwafi biyar na wani faifai a kan Yuro 8 kowane, ka sa masa farashin Yuro 12 a Jamus, inda harajin sayayya yake kashi 19 cikin ɗari. Bayan cire harajin, abin da ya rage maka a kowane faifai bai wuce Yuro 10 da 'yan ɗigo ba. Ka kashe Yuro 40, saboda haka sai ka sayar da huɗu kafin uwar kuɗi ta dawo, ribar duka tana cikin na biyar ɗin, kuma ba a yi maganar haya da wuta da kuɗin jigila ba. Idan na biyar ɗin ya kwana a kanta wata shida, ka yi aikin banza. Harajin a Ingila kashi 20 ne, a Holan kashi 21, don haka lissafin can ma bai fi sauƙi ba. Wannan ne ya sa kusan duk shagon da ya daɗe yana raye yake haɗa sababbin faya-fayai da tsofaffi, domin a tsofaffin ne ake samun riba mai kauri, sababbin kuwa su ne ke jawo mutane su leƙo kowane mako.

Bayan lissafi sai rajistar kasuwanci da wuri. Ba ka buƙatar babban titi, domin masu neman irin wannan faifai za su biyo ka ko a lungu kake. Hard Wax ya shafe shekaru masu yawa a saman wani bene a bayan gida a unguwar Kreuzberg, amma mutane daga ƙasashe daban-daban suna neman sa. Abin da za ka duba shi ne ɗakin ya kasance busasshe, ba ya yoyo, kuma hasken rana ba ya faɗowa kai tsaye kan kaya. Ka nemi kuma lasisin saka kiɗa a bainar jama'a daga hukumar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, kamar GEMA a Jamus, ko PRS da PPL a Ingila, ko SACEM a Faransa, domin sakin kiɗa a lasifikar shago yana cikin abin da ake biya.

Mataki na uku shi ne kayan aiki, kuma kayan da za ka saya don shagon su ne dai za ka koyi aikin DJ da su. Na'urar juya faifai da kowa ya yarda da ita ita ce Technics SL-1200, wadda ta fara fitowa a 1972, samfurinta na MK2 kuma a 1979. Injinta yana juya farantin kai tsaye ba tare da bel ba, shi ya sa take kama gudu nan take, kuma tun daga MK2 tana da sandar ƙara ko rage gudu da kashi 8 cikin ɗari. An daina ƙera ta a 2010, aka dawo da ita a 2016, tsofaffin kuma suna nan da yawa a kasuwa. Idan ta hannu za ka saya, ka duba ɗigogin da ke gefen farantin a ƙarƙashin jar fitilarta: idan sandar gudu tana tsakiya, layin manyan ɗigogin ya kamata ya tsaya cak kamar ba ya motsi. Ka kuma taɓa hannun allura ka ji ko yana girgiɗi, domin gyaransa yana da tsada. Kana buƙatar irin wannan na'ura guda biyu a kan kanta tare da miksa, wato na'urar da ke haɗa sautinsu, mai layi biyu ko huɗu, da aƙalla biyu a gefe inda abokan ciniki za su saurari faifai da lasifikar kunne kafin su biya. Wurin sauraron nan kada ka yi masa rowa, domin a nan ne ciniki yake faɗawa.

Wajen haɗawa, ka ɗora na'urorin a kan teburi mai nauyi da ba ya rawa, ka tabbatar da ma'aunin magina cewa ba su karkace ba. Wayar na'urar tana shiga ramin miksa da aka rubuta wa phono, ba na line ba, siririyar wayar da ke tare da ita kuma a ɗaure ta a ƙusar bayan miksa, in ba haka ba za ka riƙa jin wani gurnani a lasifika. Nauyin allura ka bi abin da kamfanin ya rubuta, wanda ga allurar DJ irin Ortofon Concorde yake tsakanin giram 3 zuwa 4. Allurar da ta cinye tana cin faifai, kuma a shagon da ake sauraro daga safe zuwa dare tana saurin cinyewa, don haka ka ajiye na canji.

Mataki na huɗu shi ne saro kaya. Sababbin faya-fayai suna zuwa ne ta hannun dilolin da ke tattara kayan ƙananan kamfanoni, irin su Word and Sound a Hamburg, da Clone a Rotterdam, da sashen rarrabawa na Rush Hour. Za ka buɗe asusu da su, su riƙa aiko maka jerin abin da zai fito tare da gutsuren sauti. Ka ware lokaci kowane mako ka saurari jerin da kanka, kada ka yi oda saboda suna kawai. A farko ka ɗauki kwafi biyu ko uku na abin da ka yarda da shi, biyar kuwa sai wanda ka tabbata kai da kanka za ka saka shi ranar Asabar. Ka tambayi dila tun farko ko yana karɓar kayan da ba su shiga ba, domin da yawa ba sa karɓa. Masu haɗa kiɗa na garinku kuma za su kawo nasu da hannu. Ka karɓa bisa sharaɗin sai an sayar za a biya, ka rubuta adadi da farashi a takarda ku biyu ku sa hannu, kuma ka biya su da zarar kayan sun tafi, domin a ƙaramar da'ira irin wannan labarin mai riƙe kuɗin mutane ba ya ɓoyuwa.

Tsofaffin faya-fayai kuwa ana samun su ne daga DJ da ya ajiye aiki, ko iyalan da suka gaji tarin kaya, ko kasuwar gwanjo. A nan sai ka iya tantancewa. Ka fito da faifan daga riga, ka riƙe shi ta gefe ƙarƙashin fitila mai haske, ka karkata shi ka duba. Karcen da farce ke ji idan ka shafa a hankali, allura ma za ta ji shi. Ma'aunin da kasuwa ta amince da shi shi ne na Goldmine, wanda ya fara daga M, wato wanda ba a taɓa sakawa ba, sai NM na wanda ya kusa sabo, sai VG+ da VG na waɗanda aka yi amfani da su amma suna da kyau, har zuwa P na wanda ya lalace. Shawarata ita ce duk lokacin da ka yi shakka tsakanin daraja biyu, ka ba shi ta ƙasa. Wanda ya sayi VG+ ya tarar da shi kamar sabo zai dawo, wanda ya sayi NM ya ji ƙaraf-ƙaraf kuwa zai rubuta ƙorafi inda kowa zai gani. Ka karanta kuma lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da takardar tsakiya, domin su ne ke bambanta bugun farko da na baya, kuma farashin biyun yakan yi nisa da juna ƙwarai.

A wannan gaɓa akwai abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Faya-fayan da kamfanoni irin su EMI da Decca suka buga a Legas a shekarun 1970 suna cikin abin da waɗannan shaguna ke nema ruwa a jallo, haka kuma kiɗan ogan da Mamman Sani na Nijar ya ɗauka a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 ya shiga hannun masu saka kiɗa a Turai da Amurka. Duk wanda ke da tsofaffin faya-fayan mahaifinsa a ɗaki, ya bincika darajarsu kafin ya bayar da su a kuɗin goro.

Mataki na biyar shi ne adana kaya da jera su. Baƙin faifai roba ce, zafi yana lanƙwasa ta, don haka kullum a tsaye ake ajiye shi kamar littafi, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, kuma ba a barin sa cikin motar da ke rana ko na ɗan lokaci. Mai son yin wannan sana'a a Kano ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, sai ya ninka kula, ya sa kowane faifai cikin rigar leda. Ana share ƙura da burushi mai laushi, datti mai kama jiki kuma a wanke da tataccen ruwa da ɗan digon sinadarin wanki, a bar shi ya bushe sarai. Tsohon faifan garmaho mai gudun 78 kuwa ba roba ba ne, kada sinadari mai barasa ya taɓa shi domin yana cinye shi. Wajen jerawa, ka raba akwatuna bisa salo da gari da kamfani, ka liƙa wa kowane sabon faifai 'yar takarda mai layi ɗaya ko biyu da ke faɗin yadda sautinsa yake da lokacin da ya dace a saka shi. Rubutun ya zama gaskiya. Idan kowane faifai ka ce gagarabadau ne, kalmarka ta zube.

Mataki na shida shi ne kasuwar intanet, wadda ba makawa sai ka shige ta. Dandalin Discogs, wanda Kevin Lewandowski ya kafa a shekarar 2000 don tattara bayanan kiɗan lantarki, shi ne babbar kasuwar tsofaffin faya-fayai, kuma yana nuna farashin da aka sayar da kowane bugu a baya, wanda zai taimake ka sa kuɗi daidai. Suna cire kasonsu a kowane ciniki, don haka ka sa shi cikin lissafi. Abin da ya fi jawo rigima shi ne sayar da faifai guda sau biyu, a kanta da kuma intanet, saboda haka duk abin da ya fita ka cire shi daga jerin a ranar. Idan za ka aika ta gidan waya, ka fito da faifan daga rigar kwali ka ajiye shi a gefenta don kada ya tsaga ta a hanya, ka sa kwali mai tauri gaba da baya.

Sai kuma ɗaya fuskar sana'ar, wato haɗa kiɗa. Kusan duk haus da tekno bugu huɗu-huɗu ne, kuma ana auna gudunsu da yawan bugu a minti: haus yakan tsaya tsakanin 120 da 128, tekno daga wajen 125 zuwa 140 ko fiye. Abu na farko shi ne ƙirga. Ka saka faifai ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, har sau takwas, wato bugu 32. Za ka lura cewa a ƙarshen kowane irin wannan zango ne wani sauti ke shigowa ko ya fita. A farkon zango ake shigo da sabon faifai, ba a tsakiya ba.

Ga yadda ake yi. Faifai na ɗaya yana fita a lasifika, na biyu kuma kai kaɗai kake jin sa a kunne. Ka nemo bugun gangarsa na farko, ka dafe faifan da yatsa yayin da farantin ke ci gaba da juyawa a ƙarƙashin shimfiɗar ulun da ke tsakaninsu, sa'annan ka sake shi daidai kan "ɗaya" na faifan da ke fita. Idan ka ji gangunan biyu sun fara rarrabuwa kamar sukuwar doki, sai ka gane wane ne ke gaba. Idan sabon ne ya yi gaba, ka shafi gefen farantin kaɗan ka rage sandar gudu. Idan baya ya yi, ka ɗan tura shi ta takardar tsakiya ka ƙara. Haka za ka yi ta yi har su tafi tare na tsawon minti guda ba tare da ka taɓa ba. Tun da sandar kashi 8 take bayarwa, faifai mai bugu 125 zai iya sauka zuwa 115 ko ya hau 135, amma idan ka ja shi zuwa ƙarshe muryar mawaƙi tana canjawa, don haka gara ka haɗa waɗanda gudunsu ke kusa. Idan sun daidaita, ka rage kaurin sautin sabon, wato sautin ƙasa mai nauyi irin na ganga, a miksa, ka ɗago shi a hankali, a farkon wani zango kuma ka mayar masa da kaurinsa kana rage na tsohon a lokaci guda, domin kauri biyu a tare suna dagula sauti. Fitilun miksa kada su zauna a ja. Wannan aiki yana ɗaukar watanni kafin hannu ya faɗa, kuma hanya mafi sauri ita ce ka riƙa naɗar abin da ka yi kana saurare washegari.

Yawancin gidajen rawa a yau suna amfani da na'urar CDJ ta Pioneer, wadda ke saka kiɗa daga filashin da aka soka mata maimakon baƙin faifai, kuma tana nuna gudun kiɗa a allo. Ka koye ta, ka shirya waƙoƙinka da manhajar rekordbox, ka riƙa tafiya da filashi biyu ko da faifai za ka saka, domin sau da yawa za ka tarar na'urar juya faifan gidan ba a kula da ita ba. Ka tafi da allurarka da lasifikar kunnenka, ka isa da wuri ka gwada. Faifai ɗari sun kusa kilo 20, saboda haka ka zaɓi abin da za ka ɗauka da tunani. Ka sa abin toshe kunne na mawaƙa: ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce sauti mai ƙarfin desibel 85 awa takwas ne iyakarsa, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, gidan rawa kuwa ya wuce haka nesa.

Aikin farko da za a ba ka galibi na buɗe fage ne, lokacin da ɗakin bai cika ba. Kada ka fito da manyan makamanka a nan. Ka fara da sanyi, ka bar wa na bayanka wurin hawa, domin masu shirya taro suna lura da wanda ya san matsayinsa a dare, kuma shi suke sake kira. Ku yi maganar kuɗi da lokacin farawa da gamawa a rubuce kafin ranar. Don mutane su san hannunka, ka riƙa shirya ɗan zaman saka kiɗa a shagon da yammacin ranar da sababbin kaya suka iso, ka kuma nemi fili a gidajen rediyon intanet irin su NTS na Landan, wanda ya fara a 2011.

Idan shagon ya tsaya da ƙafafunsa, wasu sukan buɗe nasu ƙaramin kamfanin buga faifai. Ana gyara sautin, a yanka shi a kan faranti na musamman, a yi masa ƙarfen bugu, masana'anta irin su GZ Media a ƙasar Cek ko Record Industry a Haarlem ta aiko da 'yan kwafin gwaji. Ka saurari gwajin daga farko har ƙarshe a na'ura fiye da ɗaya kafin ka ce a buga, kuma kada kowane gefe ya wuce kimanin minti 12 idan kana son sauti mai ƙarfi. Ka fara da kwafi 300, bayan kun rubuta yarjejeniyar rabon kuɗi da mai kiɗan, ka kuma sa ran jiran watanni kafin kayan su iso.

Ranar Litinin bayan kowane wasa, ka zauna da littafin shago ka rubuta faya-fayan da mutane suka zo kusa da kai suna tambayar sunansu, ka duba ko kana da su a kanta, ka yi odar ƙari tun dila bai ce sun ƙare ba. Duk faifan da ya wuce wata shida bai motsa ba, ka sauke shi zuwa akwatin rangwame da ke bakin ƙofa, kuɗin da ya fito daga nan ka zuba su a odar mako mai zuwa.